Mutumin da Bai Faɗa Ruwa Ba

Akwai wani mutum a ƙauyenmu na tsibirin Kadavu, a ƙasar Fiji, mai suna Peniasi Tuberi, wanda aka fara zalunta ranar Lahadi, 14 ga Agusta, 2022, wajen ƙarfe biyu na rana, a zauren taron gari, bayan an taso daga coci. Na rubuta ranar ne saboda yanzu kowa cewa yake bai tuna ba.

Peniasi da taubashinsa Watisoni, ɗan gwaggonsa, tare suka samu aiki a wani jirgin ruwa mai kai kaya wuraren haƙar mai a tekun kudancin Ostareliya. Kafin a ɗauke su sai da aka tura su Suva, babban birni, suka yi kwana biyar ana koya musu yadda mutum zai tsira in ya faɗa teku.

Watisoni ba shi da na biyu a iyo a duk yankinmu. Yakan nutse da mashi ya daɗe har a fara addu'a, sannan ya fito da kifi. Da ya ga wurin horon, sai ya tambayi malaman ko a wannan kwatamin wankan ne za a koya wa ɗan Kadavu ruwa. Rigar ceto kuwa tana da wata igiya da ake ratsawa tsakanin cinyoyi don kada ta zame. Ya ce shi ya wuce shekarun ɗaura ƙunzugu.

Peniasi iyonsa daidai wa daida ne, kuma ya san haka. Littafi ya saya yana rubuta abin da aka faɗa.

"Taubashi, rubuta da kyau," in ji Watisoni. "In ka faɗa sai ka buɗe shafi na uku ka karanta wa kifaye."

"To, in sun gane sai na turo maka su, su koya maka."

Haka suka saba tun suna yara. Tsakanin taubasai ba a fushi, ba a kuma kai ƙara.

Ranar Talata, 21 ga Yuni, 2022, da hantsi, tsakiyar lokacin sanyi a can, suna aikin jan anka, ƙarfen da ake sakawa a ƙasan teku ya riƙe jirgi, a bayan jirginsu. Taguwar ruwa ta hau ta share Watisoni ta yi waje da shi. Peniasi yana tsaye taku huɗu daga wurin.

Ƙafarsa ta riga ta hau ƙarfen gefe. Daga baya ya gaya wa matarsa Unaisi cewa bai san lokacin da ta hau ba. Ya sauke ta. Ya wurga tayar ceto, ya yi ihu cewa mutum ya faɗa, sannan ya miƙe hannun dama ya nuna inda kan Watisoni yake.

Abin da aka koya musu ke nan. Wanda ya ga faɗuwar mutum ba ya bin sa, ba ya gudu neman taimako, ba ya waiwaye. Aikinsa ɗaya: ya kafa masa ido, ya nuna shi da hannu, har a ɗauko shi. Kan mutum a irin wannan teku bai fi kwakwa ba, kuma taguwa takan ɓoye shi ta fito da shi a wani wurin.

Jirgin bai iya juyawa nan take ba, domin igiyar ƙarfe na ɗaure da shi, sai da aka sake ta. Wani abokin aiki ya riƙe Peniasi ta baya ya hau da shi bene, yana taka matakala da baya-baya, idonsa na kan ruwa. Aka ɗora masa oba-oba a baki yana gaya wa ƙaramin jirgin ceto hagu ko dama. Ruwan gishiri na dukan idonsa, bai goge ba. Sau biyu kyaftin da matuƙin jirgin ceton suka rasa inda Watisoni yake. Hannun Peniasi suka bi.

Minti ashirin da shida aka yi. Ba goma ba, kamar yadda ake faɗa a gari.

Shi kuwa Watisoni, abin da ya iya shi ya yi: ya bi jirgi da iyo. Ruwan can ba namu ba ne. Cikin ɗan lokaci sanyi ya kashe masa hannuwa. Rigar ceton, da yake bai ɗaura igiyar ƙasan ba, ta zamo ta hau masa har kunne, yana shan ruwa. Duk lokacin da taguwa ta ɗaga shi, abin da yake hangowa shi ne taubashinsa a can sama, a bushe, yana nuna shi da hannu.

Da aka ɗauko shi ko tayar da aka miƙa masa bai iya kamawa ba. Ya yi kwana uku a asibiti, ya warke.

Wannan ce tafiyar Peniasi ta ƙarshe dama. Gari ya sayi jirgi mai inji don kai marasa lafiya da 'yan kasuwa Vunisea, babban garin tsibirin, kuma an riga an ba shi makullin, domin shi ne mai takardar tuƙi. A kan haka ya ajiye aikin waje.

A waccan Lahadin ta 14 ga Agusta aka yi taron godiya saboda dawowar Watisoni da rai. An ci rogo da kifi da madarar kwakwa, an dama yangona, abin shan gargajiyarmu da ake yi da saiwa, ana zagayawa da ƙoƙo. Aka ce Watisoni ya ba da labari. Ya iya baki, ya sa zauren dariya. Da ya zo ƙarshe sai ya miƙe tsaye, ya miƙe hannu, ya sandare.

"Ga taubashina nan. Ina mutuwa yana nuna wa Turawa ni, kamar mai nuna wa baƙi kifin da zai tsallaka. Ko rigarsa ba ta jiƙe ba."

Aka yi dariya, Peniasi ma ya yi murmushi, domin wasan taubashi ba a amsa shi da bayani. Amma gwaggonsa, uwar Watisoni, ba ta yi dariya ba. Daga inda mata suke ta tambaya ko gaskiya ne.

"Gwaggo, gaskiya ne ban shiga ba," in ji Peniasi. "An koya mana cewa..."

"An koya maka ka bar ɗan'uwanka? Ubanka ya bi mutum uku cikin ruwa a rayuwarsa, ba wanda ya koya masa."

A zauren nan yaro ba ya jayayya da gwaggonsa. Peniasi ya dubi Watisoni ya ga ko zai gyara maganar. Watisoni ya karɓi ƙoƙonsa ya shanye.

Ranar Laraba kwamitin jirgi ya zauna ƙarƙashin mai unguwa Ilikena. Ba a kira Peniasi ba, ba a tambayi kowa takarda ba. Aka yanke cewa ba za a ɗora matan gari a jirgin mutumin da zai tsaya kallo in wata ta faɗa ba. Aka karɓe makullin aka ba wani.

Daga nan sunansa ya koma Mai Nuni. In ya wuce shago, sai wani ya ce ya nuna masa inda sukari yake. Unaisi ta daina zuwa wurin saƙar tabarma. Peniasi ya koma gonar gwaza da yangona a kan tudu, inda ba ya haɗuwa da kowa. Unaisi ta sha ce masa ya fito da takardar rahoton haɗarin da kamfani ya ba shi. Yakan ce in ya karanta ta a zaure, dole a ji cewa Watisoni bai ɗaura rigarsa ba, kuma shi ba zai tsiraita ɗan gwaggonsa a gaban uwarsa ba.

Wata goma sha tara aka yi a haka.

A watan Maris na 2024 takardar horon Watisoni ta ƙare, ya koma Suva sabuntawa. A aji ɗaya da shi akwai mutum uku na ƙauyenmu masu neman aikin jirgi. Malamar, wata tsohuwar ma'aikaciyar jirgi mai suna Selai, takan karanta wa ɗalibai rahoton haɗurra na gaske, ba tare da sunaye ba. Ran nan ta karanta na 21 ga Yuni, 2022: aikin anka, ma'aikata biyu 'yan Fiji, minti ashirin da shida. Rahoton ya ce da mai nunin ya kawar da ido sau ɗaya, da wuya a samu mutumin da rai.

Ɗaya daga cikin mutanenmu, Apakuki, ya ɗaga hannu ya tambaya me ya sa bai faɗa ya taimake shi ba, tunda ɗan ƙasarsu ne.

"Da ya faɗa, mutum biyu za a nema," in ji ta, "kuma babu wanda ya san inda za a nema. Bin mutum cikin ruwa kowa na iya yi, jiki ne ke tura ka. Tsayawar ce sai an koya."

Ba wanda ya waiwayi Watisoni, shi ma bai ɗaga kai ba.

Da rana aka je ruwa. Kowa zai yi tsalle daga bene da rigar ceto. Watisoni ya ɗaura igiyarsa tamau, ya hau, ya tsaya a baki. Aka ƙirga masa sau uku. Ya sauko ta matakala ya ɗauki jakarsa. Bai samu takardar ba, aikin jirgin ma ya tafi ke nan. Wannan ba abin dariya ba ne, kuma ba a kansa ake tuhumarsa ba. Wanda ya sha abin da ya sha, yana da haƙƙin jin tsoron ruwa. A kan abin da ya faɗa a zaure ake tuhumarsa.

Apakuki da sauran biyun suka dawo suka faɗi abin da suka ji. Cikin sati ɗaya duk gari ya sani. Sunan Mai Nuni ya ɓace kamar ba a taɓa faɗarsa ba. Wata safiya matar mai unguwa ta biyo ta ƙofar kicin ta miƙa wa Unaisi makullin jirgi a ƙunshe cikin ganye, ta ce kwamiti ya ce a ci gaba kamar da.

Unaisi ta kai wa Peniasi gona. Ya juya makullin a hannu, ya ce ta mayar.

"Ki ce musu na gode. A zaure aka karɓa. Ta ƙofar kicin ba zai dawo ba."

Yau makullin yana rataye a gidan mai unguwa, Peniasi yana gonarsa. Watisoni yakan aiko masa da kifi, amma bai taɓa zuwa da kansa ba. Kifi ba ban haƙuri ba ne.

Abin da ake nema a fili yake, kuma ba mai tsada ba ne. Watisoni, da mai unguwa Ilikena, da kowane ɗan kwamitin da ya zauna a waccan Larabar, su ɗauki saiwar yangona kamar yadda al'adarmu ta tanada, su shiga zaure ranar Lahadi bayan coci, gaban maza da mata. A karanta rahoton daga farko har ƙarshe. Sannan su kira sunan Peniasi Tuberi su ce: mun yi maka ƙarya, ka yafe mana. Kafin wannan rana, kada wani ya ce magana ta wuce.

Darasi: Iya iyo a ruwan gida ba ya ceton mutum a tekun aiki, horon da ka raina a kan tudu shi ne zai riƙe ranka, ko ran ɗan'uwanka. Kada ka kira mutum matsoraci kafin ka san abin da tsayawarsa ta hana. Wanda kuma ka ɓata wa suna a gaban jama'a, a gaban jama'a za ka wanke shi. Tura wannan ga duk mai ɗan'uwa a jirgi, da duk wanda ya yi dariya a zaure ran nan.