Sheƙar Shamuwa a Kan Bututun Gidan Reno

Akwai wani mutum a garinmu, can arewacin Bulgeriya kusa da kogi, ana ce masa Stoil. Aikinsa sauya wa jirgin ƙasa layi a tasha. Ku gyara zama, domin ni da makaranta mun rabu tun ba mu gama sabawa ba, amma in dai ba da labari ne, ko shugaban makarantar sai ya nemi kujera a gaba.

Stoil mutum ne mai shegen son tambaya. In ka ce masa ina kwana, sai ya tambaye ka me ya sa ka faɗe ta da sanyin murya. Abokan aikinsa har sun daina kiran sunansa, sai dai "Me-ya-sa".

Matarsa ta tafi Italiya tana aikin kula da wata tsohuwa, ta bar masa 'yarsu Bilyana, wadda ba ta daɗe da iya ɗaura takalmi ba. Abin da ya rufa masa asiri shi ne gidan renon yara da gwamnati ta gina wa ma'aikatan jirgi da na gidan waya, a bayan tasha. Da safe ya ajiye ta, ya tsallaka layin dogo ya kama aiki. Da yamma ya ɗauko ta a kafaɗa suna tafe tana ja masa kunne.

A shekarar nan ne shamuwa biyu suka zo suka gina sheƙa a kan bututun hayaƙin gidan renon. Gari ya yi murna. Yara suka wuni a taga suna leƙe, iyaye suna cewa arziki ya sauka a gidan. Ba wanda ya tuna da cewa ta wannan bututun ne hayaƙin injin ɗumama ɗakuna yake fita.

Da kaka ta yi, tsuntsayen suka kama hanyar kudu kamar kullum, suka bar tulin itace da laka ya toshe bakin bututun ruf. Sanyi ya fara leƙowa. Aka zo kunna inji, hayaƙi ya dawo cikin ɗakin barcin yara, aka kashe da gudu.

Sai saƙo ya zo daga ofishin yanki: in dusar ƙanƙara ta fara sauka ba a kunna ɗumi ba, za a rufe gidan renon.

Stoil ya san ma'anar wannan a wurinsa. Ba shi da kowa a gari. Dole ya kai Bilyana wurin kakarta a wani ƙauye can kan dutse, inda hanya take toshewa duk tsawon hunturu. Uwa ba ta nan, ga shi uba ma zai zama sai a waya.

Ofis ya turo ma'aikata su sauke sheƙar. Na farko ya ɗaga kai ya duba, ya ce tsaninsa ya yi gajere. Na biyu ya zo da dogon tsani, ya taka hawa uku, ya ce bayansa ya riƙe. Na uku ko daga mota bai fito ba.

Ba wanda ya yi mamaki. Kowa a wurinmu da haka ya tashi: wanda ya rushe sheƙar shamuwa, gidansa zai ci wuta.

Sai ga shugaban masu gyaran gine-gine da kansa, wani ƙaton mutum mai suna Tsvetan, da farar hularsa ta ƙarfe da murya kamar ta jirgin kaya. Ya tara iyaye a tsakar gidan renon.

"Wai tsuntsu ne ya hana ku barci?" in ji shi. "Tsuntsun da yanzu haka yana can Afirka yana cin fara, ko tunaninku ba ya yi? Ku ba ni tsani. Kafin kofin nan ya huce na gama."

Ya miƙa wa mai dafa wa yara abinci kofinsa. Tsohuwa ce, kowa Lelya Parashkeva yake ce mata, wato goggo.

"Hau lafiya, ɗana," in ji ta. "Gidanka dai na bulo ne ko na katako?"

Aka fashe da dariya. Tsvetan ya harare ta, ya kama tsani ya hau da ƙarfen haƙa a hannu. Ya kai sama. Ya leƙa cikin sheƙar. Ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya sauko a hankali, ya karkaɗe wando.

"Ba sheƙar ce matsala ba," in ji shi. "Bututun ne ya tsage tun daga ciki. Ginin nan ya tsufa, ba ya gyaruwa. Abin da zan faɗa wa ofis ke nan."

Iyaye suka yi cirko-cirko. Wata ma'aikaciyar gidan waya ta fara share hawaye.

Stoil kuwa tambaya ce ta cika masa kai. Yaya aka yi mutum ya ga tsagewar cikin bututu alhali bakinsa a toshe yake? Kuma me ya sa da Tsvetan ya karɓi kofinsa, kofin yake ƙara a kan faranti?

Ya bari aka watse, ya bi Lelya Parashkeva kicin, ya same ta tana yayyanka kabeji.

"Lelya, in tambaye ki?"

"Da ma akwai ranar da ba ka tambaya? Ɗauki wuƙa, kana yi kana aiki."

"Me ya sa suka zaɓi bututunmu? Ina suke zama a da?"

"A kan tsohuwar bishiyar bakin masaƙa. Iska ta kayar da ita bara. Ka zata son ku suke yi? Matsuguni suka rasa."

"To a da, in mutum yana son su zauna a wani wuri, me yake yi?"

Ta ajiye wuƙa ta dube shi.

"Babana ƙafar amalanke yake samowa, tsohuwa, ya kafa ta a kan dogon turke. Sai ya dama farar ƙasa ya yayyafa mata ko'ina."

"Farar ƙasa kuma? Ta me?"

"Ta yi kama da kashinsu mana, Me-ya-sa! Shamuwa ba ta yarda da wuri mai tsafta. In ta ga fari-fari, sai ta ce wasu sun kwana a nan kuma sun tashi lafiya."

Stoil ya ci gaba da yankan kabeji hankalinsa na wani wuri, har ya kusa haɗawa da yatsa.

"Lelya, in ba a rushe ba fa? In ɗauka aka yi ɗungurungum, aka ajiye musu a sabon wuri? Shi ma wuta ce?"

"Ɗauka? Ka san nauyin abin nan? Ya kusa na doki." Ta ɗan yi tunani. "Ban taɓa jin wanda ya gwada ba. Amma wanda ya taya maƙwabci ƙaura, ban ga laifinsa ba."

Washegari Stoil ya je ofishin Tsvetan. A hanya abokinsa direban jirgi ya ce masa, "Ka tona shi kawai! Kowa ya ga gwiwarsa tana rawa. Ka faɗa a gaban mutane, ka ga in ba zai koma ya hau ba."

Stoil ya ce, "In na kunyata shi, bututun nan zai tsage har abada."

Ya shiga ya rufe ƙofa.

"Bate Tsvetan," in ji shi, kamar yadda ƙane yake kiran wa, "na zo neman ilimi ne. Ƙarfen haƙa zai iya ƙara tsaga bututu, ko?"

Tsvetan ya dube shi a kaikaice. "Sosai ma. Shi ya sa na sauko."

"Haka na zata. To in aka zura ƙarafa a ƙarƙashin sheƙar, motar ƙugiya mai ɗaga kaya ta tasha ta ɗaga ta sama ba tare da ko tsinke ya faɗi ba, ai sai ka samu damar duba tsagewar da kyau. Wataƙila ma ƙarama ce."

Tsvetan ya juya biro a hannu.

"Ba tare da ko tsinke ya faɗi ba?"

"Ko ɗaya. A ajiye musu kayansu a kan turke a bayan katanga."

Tsvetan ya yi gyaran murya. "Da ma abin da nake shirin yi ke nan. Kai dai ka riga ni faɗa."

"Na sani, Bate."

Stoil ya kai ƙofa, sai ya ji muryar Tsvetan ta sauko, ba irin ta jirgin kaya ba. "Kakata ce ta rene ni. Gidan maƙwabcinmu ya ƙone ina yaro. Wata ɗaya bayan ya rushe sheƙar shamuwa..." Bai ƙarasa ba. Ya daka tsawa: "Ranar Asabar! Kuma kada kowa ya makara!"

Da ma al'adarmu ce, kowace kaka iyaye su ware Asabar guda su yi wa gidan renon fenti, su gyara lilo, su toshe tagogi. Asabar ɗin nan har waɗanda ba su da yara sun zo. Aka kafa tsohon turken ƙarfe na tasha a bayan katanga. Wani manomi ya kawo ƙafar amalanken kakansa. Aka ba yara bokitin farar ƙasa su yayyafa, suka yayyafa wa ƙafar, da katanga, da junansu, da takalman Tsvetan.

Aka zura ƙarafa, aka ɗaure da igiyoyi. Kafin Tsvetan ya yi wa direban ƙugiya alama, Stoil da ke kusa da shi a kan rufi ya ga ya cire hula, ya sunkuya wajen sheƙar ya ce ƙasa-ƙasa, "Ku yi haƙuri, ba korarku muka yi ba. Yara ne suke jin sanyi."

Stoil ya mai da kai gefe kamar yana duba igiya. Ranar ce kaɗai na ga an ba shi dalilin tambaya ya haɗiye.

Ƙugiya ta ja. Sheƙar ta yi ƙara, ta girgiza, ƙananan tsuntsayen da suka samu mafaka a jikinta suka watse fuu. Mata suka rufe ido. Sai ga ta a sama tana lilo, safar yaro guda da wani jan gyale suna reto a gefenta.

"Gyalena!" in ji Lelya Parashkeva. "Ni da na zargi matar likita!"

Aka sauke ta a kan ƙafar amalanke daram. Tsvetan ya haska tocila cikin bututu, ya sanar da babbar murya cewa tsagewar ba ta kai yadda ya yi tsoro ba. Ba wanda ya nemi a nuna masa ita. Aka share bututu, aka kunna inji, hayaƙi ya miƙe sama. Dusar ƙanƙara ta zo ta tarar da yara suna barci ba rigar sanyi.

Amma magana ba ta ƙare ba. Ofis ya ce in tsuntsayen suka dawo suka sake gini a kan bututun, ba za a ƙara ɓata lokaci ba, rufewa za a yi. Duk hunturun nan Stoil yana sauya layi yana kallon turken, yana tambayar kansa ko tsuntsu yana gane gidansa da kaya ne ko da wuri.

Watan Maris ya kama. Bisa al'adarmu, aka ɗaura wa kowane yaro zare ja da fari a hannu, wanda ba a kwancewa sai an ga shamuwar farko. Bilyana kullum sai ta ce, "Baba, yau za su zo?" Shi kuma a karon farko a rayuwarsa, tambaya ta fi ƙarfinsa.

Wata rana da hantsi aka ji ihun yara. Stoil ya tsallako layi da gudu. Ga shamuwa guda tana kewaya gidan renon. Ta kewaya, ta sake kewayawa, ta miƙe ƙafafu ta sauka.

A kan bututu.

Stoil ya ji hannun Bilyana ya matse yatsansa. Can bakin ƙofa ga Tsvetan, wanda ya ce wucewa kawai yake yi, ya riƙe hula a ƙirji.

Tsuntsuwar ta tsaya da ƙafa ɗaya. Ta leƙa cikin bututun. Ta karkata kai ta dubi turken, da tulin itacenta, da farin da ya ɓata ko'ina. Ta daɗe tana dubawa kamar mai taya gida a kasuwa.

Sannan ta buɗe fukafukai, ta yi tsalle ɗaya, ta dira cikin sheƙarta. Ta ja wani tsinke ta gyara masa zama, ta mai da kai baya ta fara kaɗa baki, kaf-kaf-kaf.

Lelya Parashkeva ta zauna a kan bokiti tana dariya tana kuka. Tsvetan ya ce, "Na faɗa muku!" Ba wanda ya musa masa.

Bilyana ta miƙa wa babanta hannu ya kwance mata zare. Ta ce, "Baba, to ni ma ba zan ƙaura ba?"

Ya ɗaga ta ya ɗora a kafaɗa. "Ina za ki? Wa zai riƙa ja min kunne?"

Darasi: Ba kowane mai taurin kai ne mugu ba, wani tsoro ne yake ɓoyewa. In ka gano raunin mutum, kada ka tallata shi. Buɗe masa hanyar da zai yi abin kirki da mutuncinsa a hannu. Kuma kafin ka ce a rushe ko a rufe, tsaya ka tambaya ko akwai wata hanya. Ku tura labarin nan ga wannan abokin naku mai yawan tambaya, da wancan mai babbar murya. Kun san su, ni ma na san su.