Shayin Buhara da Gonar Zailani

Akwai wani mutum a wani ƙauye kusa da Zakirai, sunansa Zailani. Zamanin Turawa ne, lokacin da talaka ke zuwa Makka a ƙasa. Shekara goma sha ɗaya ya yi bai dawo ba. An ce ranar da ya iso, har dawa ta tsiro a kaushin ƙafarsa. Ni dai ban gani ba.

Bai kawo komai ba sai gajiya, da bargo, da butar shayi da ganyensa, da ƙananan kofuna marasa mariƙi. Shekara shida ya yi a Makka yana hura wuta a gidan abincin wani Ba'uzbeke, mutumin Buhara. Tun daga nan bakinsa bai huta ba: a Buhara kaza, a Buhara kaza. Alhali ko hanyar Buharar bai sani ba.

Gonar ubansa kuwa, Dagaci Isyaku ya daɗe da bai wa maƙwabcinsu Mani, don an ɗauka ya mutu. Ga damina ta matso, kuma a yankin nan ko wurin ɗaure akuya yana da mai shi.

Sai Zailani ya ce zai gayyaci Dagaci walima, ya roƙi gonarsa. Ya ba da bargonsa aka ba shi shinkafa da naman rago mai kitse. Ya soya nama da albasa, babu karas ya yanka kabewa, ya shimfiɗa shinkafa a kai, ya hana kowa juyawa. Mata suna leƙe ta zana, suna kallon ƙato a gindin murhu.

Yayarsa Kulu ta ce, "Alhaji, ka bari in dama wa mutumin nan fura, a cika masa ƙwarya."

Ya ce, "Yaya, wanda bai fita ba, ba zai gane ba."

"To, mu da ba mu fita ba, a rumbunmu kake ci."

Dagaci ya zo bayan azahar, Mani na biye da shi ba gayyata. Aka fara da koren shayi, ba sukari.

To, a al'adar mutanen Buhara, baƙo mai daraja ɗan kaɗan ake zuba masa, don mai gida ya yi ta ƙara masa da hannunsa. Wanda aka cika wa kofi, an ce masa ya sha ya tafi ke nan. Zailani bai faɗa wa kowa ba. Jira yake a tambaye shi, ya gyara zama ya yi karatu.

Ya zuba shayi ya mayar buta, har sau uku, don ya haɗu. Sannan ya ɗiga wa Dagaci abin da bai fi maƙwarwa biyu ba. Ya cika wa Mani fal, har yana ƙona masa yatsa.

Dagaci ya dubi kofinsa, ya dubi na Mani. Ya miƙe ya nemi takalminsa. Shinkafar ko buɗe ta ba a yi ba.

Washegari Zailani ya ja ƙafa zuwa zauren Dagaci, ya durƙusa, ya yi bayanin da ya kamata ya yi jiya.

Dagaci ya ce, "Sau uku kana nuna min kana mayarwa, ashe duk girmamawa ce?"

"Wallahi, ranka ya daɗe."

"Madalla, mu ma mun ƙaru. A auna wa Alhaji kunya huɗu a gefen gonar. In ya nome, ya dawo in ƙara masa da hannuna. Sauran mun cika wa Mani, ya sha ya tafi."

Mani dai bai tafi ba. Kunyar Zailani kuwa, sai da ya shekara bakwai yana sintiri a zauren nan kafin ta kai goma.

Darasi: In za ka girmama mutum, girmama shi yadda zai gane. In kuma ka koyo abu a wani wuri, yi wa mutane bayani, kada ka jira su nuna jahilci tukuna. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman waɗanda suka dawo daga tafiya.