Gyadar da Eusebio Ya Ɓoye

Eusebio Quintana gwanin girki ne, amma girman kai ya yi masa yawa. Shagonsa na burito yana daf da ƙofar jami'a a Las Cruces, kujerun roba ne da tebura masu rawa, sai dai da tsakar rana layin ɗalibai har titi yake kaiwa. Burito, wato wake da nama naɗe cikin gurasar fulawa, kowa na sayarwa. Abin da ke jawo su shi ne baƙin yajinsa mai maiƙo, wanda yake haɗawa shi kaɗai bayan ya kulle ƙofar kicin. Matarsa Ofelia ce kawai ta san yana niƙa soyayyiyar gyada a ciki.

"Tsoho, ka rubuta a bango," ta sha gaya masa. "Akwai yaran da gyada ke kashewa."

"In rubuta, Rigoberto ya tsallako ya karanta? Rabu da ni."

Rigoberto shi ne mai shagon tsallaken titi, kuma ya daɗe yana farautar sirrin yajin.

Wata rana a makon jarrabawa shago ya cika maƙil, Ofelia ta fita sayo tumatir. Sai ga Rigoberto a layi, wai gaisuwa ya zo, yana ta shinshina iska. A gabansa akwai wata siririyar ɗaliba, Yesenia, rungume da littattafai.

"Baba, akwai gyada a yajin nan? Jikina ba ya ɗaukarta ko kaɗan."

Eusebio ya dube ta, ya dubi Rigoberto da ya miƙo kunne. A ransa ya ce, ɗan cokali guda me zai yi mata?

"Gyada? 'Yata, kin ga na yi kama da mai kiwon kurege? Barkono ne zalla."

Ɗalibai suka yi dariya. Ya zuba mata, ya naɗe, ta zauna bakin taga.

Ya ci gaba da aiki, amma idonsa yana kanta. Ta gatsa, ta sake gatsa. Ta kurɓi ruwa. Ta fara sosa wuya. Ya ce wa kansa zafin barkono ne. Ta yi tari, ya ga leɓɓanta sun soma tasawa. Har a lokacin yana da damar buɗe baki, sai ya juya ya tambayi na gaba, "Kaza ko naman sa?"

Yesenia ta laluba jakarta tana neman allurar gaggawa da take yawo da ita saboda gyada, jakar ta suɓuce, komai ya watse ƙarƙashin tebur. Numfashinta ya koma kamar ana busa usur. Ihu ya ɓarke a shagon, wani ya kira motar asibiti.

Ma'aikaciyar motar asibiti ta durƙusa a kanta ta ɗaga murya, "Me ta ci? Me ke cikin abincin?"

Ofelia na tsaye bakin ƙofa da kwalin tumatir. "Faɗa mata, Eusebio."

"Gyada," ya ce.

Yesenia ta rayu, amma ta daɗe kwance, karatun shekarar ya wuce ta. Hukuma ta rufe shagon. Da aka bar shi ya sake buɗewa, ɗalibai sukan tsallaka titi kafin su iso ƙofarsa. Ofelia ta koma gidan 'yar'uwarta, ta ce ba za ta iya kallon hannunsa cikin tukunya ba.

Mai karatu, duk wanda ya tambaye ka abin da ke cikin abincin da za ka miƙa masa, ransa ya ɗora a tafin hannunka. Faɗa masa gaskiya, ko da abokin gabarka na sauraro. Babu sirrin sana'ar da ya kai numfashin mutum daraja.