Aron Irin Gwaggo Lantana

An yi wani mutum, wani bawan Allah, malami a wata jami'a da ba sai na faɗi sunanta ba. Dakta Sammani ake ce masa, aikinsa binciken irin dawa. In ka gan shi da laka har gwiwa a kan tsohon babur ɗinsa, wallahi sai ka ce ɗan ƙodago ne. Abokan aikinsa har tsokanarsa suke yi, wai digirinsa a kunyar gona ya binne shi. Shi dai sai dariya.

To ku saurara. Wata kaka ya je wani ƙauye inda wuta-wuta ta cinye gonaki, wannan ciyawa mai tsotse dawa tun daga saiwa. Ko'ina ya ƙone, sai gonar wata dattijuwa, Gwaggo Lantana, dawarta na tsaye. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Gwaggo, a sayar mini da zangarniya ɗaya mana."

Ta ce, "Kai ɗan nan, mu nan ba ma sayar da iri. Aro muke bayarwa. In ka girbe ka dawo da shi."

Ya ce, "Na karɓa aro, Gwaggo."

Jama'a, ku riƙe kalmar nan. Aro.

Ya koma jami'a yana haɗa dawar nan aure da wasu iri, damina bayan damina. Wata shekara ta yi, wata ta ƙi. Har furfura ta fito masa, sannan Allah Ya ba shi iri mai jure wuta-wuta, mai nuna da wuri, ga tuwo mai daɗi. Jami'a ta ɗauki murna, aka yi wa irin rajistar haƙƙin mallaka.

Sai ga Alhaji Gambo, mai kamfanin sayar da iri, ya zo neman lasisi, wato izinin yaɗa irin da sayar da shi. Zai gina wa jami'a ɗakin bincike sabo fil. Amma da sharaɗi: shi kaɗai zai riƙe irin. Manomi ba zai ajiye na baɗi a rumbunsa ba, ba zai ba maƙwabcinsa ba, sai ya koma kanti ya saya.

Kun ji inda jarrabawar take? In Sammani ya sa hannu, Gwaggo Lantana kanta ta zama mai laifi ran da ta ba wani aron jikar dawarta. In ya ƙi, wahalar shekaru tana iya ƙarewa a cikin kwalba a kan kantar ɗakin bincike.

Shugaban ofishin lasisi ya miƙo masa biro, yana ta yi masa ido. Sammani ya ce, "Ranka ya daɗe, wahalar tamu ce, gaskiya ne, kuma jami'a tana da haƙƙinta. Amma uwar irin nan aro ce. Ta yaya zan sayar da ita har in kulle ƙofa a kan mai ita?"

Alhaji ya ce, "Aro? Akwai takarda?"

"Babu, Alhaji."

"Akwai shaida?"

"Akwai Allah."

Sammani ya ce shi ya yarda kamfani ya yaɗa, ya tace, ya zuba a buhu, ya ci ribarsa halal. Amma a rubuta cewa manomi zai ajiye ya kuma bayar da aro, a ware wa ƙauyen kasonsu, a sa wa irin sunan mai shi. Alhaji ya naɗe babbar rigarsa ya fita ko sallama babu.

Kada ku ce Sammani bai ji zafi ba. Ya ji! Mutum ne. Wasu suka daina amsa gaisuwarsa, wai ya kori arzikin jami'a saboda wata tsohuwa. Ya haɗiye. Ya bi ofis-ofis har ya samu izinin shugabanni, don shi ba ya ɗaukar abin jami'a a ɓoye, ya ɗaure buhun iri a bayan babur, sai ƙauye.

Gwaggo Lantana ta ƙura masa ido ta ce, "Wane ne?"

"Mai aron iri ne, Gwaggo. Na dawo da shi."

Ta tafa hannu tana dariya har da hawaye. "La ilaha illallahu! Ai ni na ce ɓera ya ci. Zangarniya ɗaya ce ta zama buhu?"

Kafin la'asar ta rabar da shi ƙwarya-ƙwarya, kowa tana ce masa, "Aro ne fa!" Da kaka ta yi, dawa ta cika rumbuna. Labari ya tsallaka kasuwanni, ana ce wa dawar 'yar Lantana, manoma daga nesa suka riƙa tsayawa a kantunan Alhaji Gambo suna tambaya, "Akwai 'yar Lantana?" Babu. Gobe ma, "Akwai 'yar Lantana?" Babu.

Da ƙafarsa Alhaji ya dawo, jama'a! Ya zauna yana sosa ƙeya, ya ce, "Dakta, ni ma fa ɗan manomi ne. Da aron iri mahaifina ya ciyar da mu. Kawo biron." Aka rubuta yadda Sammani ya nema, kamfani ya samu, jami'a ta samu, ƙauye ya samu.

Ran da aka kai wa Gwaggo buhun kamfani na farko, ta shafa rubutun ta ce, "Me aka sa a nan?" Sammani ya ce, "Sunanki ne, ga na jami'a a ƙasansa." Ta rangaɗa guɗa ta ce, "Ni da ban taɓa shiga aji ba, yau ni ce a saman jami'a!"

To 'yan'uwa, ilimi duk aro ne. Wanda ke kanka wani ya ba ka, shi ma wani ya ba shi, asalinsa kuwa na Allah ne. Ka ci moriyar wahalarka, babu laifi, amma kada ka rufe ƙofa a kan wanda ya buɗe maka ita. Kai tela, wa ya koya maka riƙon almakashi? Kai makanike, hannun wa ka bi? Ke malama, wa ya fara ɗora miki alli? Da yawansu suna raye, sun ma manta. Kai kada ka manta. Ka tashi daga nan ka ɗauki buhunka, ka je ka yi sallama ka ce: mai aro ne, na dawo da shi.

Allah Ya sa mu cika da amana.