Baiwa Mai Shiga Makara

Akwai wata mata a ƙasar Matameye, zamanin da Faransawa ba su daɗe da kama Damagaram ba, sunanta Baiwa. Kakata ba ta ambatar sunan nan sai ta yi a'uziyya. Ni ma da nake rubuta muku, tsigar jikina tashi take.

Baiwa shugabar 'yan fashi ce. Ƙarti ne a ƙarƙashinta, amma idan tana magana ko tari babu mai yi. Dabararta kuwa, Shaiɗan ma sai ya sara mata.

Sai ta sa a naɗe ta da likkafani, a ɗora ta a makara, takobinta na kwance a jikinta. Mutanenta su ɗauka su tsaya a hanyar Ɗan Barto, inda fatake ke bi da kanwa zuwa Kano. Da ayari ya iso sai su ce, "Bayin Allah, 'yar'uwarmu ce ta rasu a hanya. Ku taya mu yi mata salla."

Wane Musulmi ne zai wuce gawa? Fatake su sauke kaya, su ajiye kwari da baka, su yi alwala, su ja sahu. Ana yin kabbara sai gawa ta miƙe zaune da takobi a hannu. Wanda tsoro bai kashe ba, ƙarti su ƙarasa shi. Har kumandan Faransawa ya sa aka yi shela, duk inda aka kama ta a harbe.

Mataimakinta Lawwali ya taɓa ce mata, "Uwar ɗakina, wasan nan da likkafani yana ba ni tsoro."

Ta yi dariya. "Ni da mutuwa mun saba, Lawwali. Kullum ina aron rigarta, ba ta taɓa cewa in biya ba."

Wata rana da hantsi suka tare wasu fatake kaɗan. Ashe ranar kasuwa ce, bayan fataken nan jama'a ce jingim ke tafe, har da sojan Faransawa a kan dawaki da bindigogi. Babu wurin gudu. Lawwali ya faɗi abin da ya saba faɗa.

A cikin jama'ar akwai wani dattijo, Malam Ummaru. Ya ce, "Allahu akbar! Baƙuwa ta rasu a ƙasarmu, mu bar ta a daji? A kai ta maƙabartar gari."

Kun san yadda muke ɗaukar makara, karɓa-karɓa, kowa na neman lada. Wannan ya sa kafaɗa, wancan ya karɓe shi. Kafin a yi nisa babu mutumin Baiwa ko ɗaya a ƙarƙashinta. Tana jin baƙin muryoyi, tana jin kofaton dawaki a gefenta. In ta motsa, harsashi ne. Ta ƙame kamar gawar gaske.

Aka yi mata salla. Wannan karon har aka sallame, gawa ba ta tashi ba. Ƙasar wurin rairayi ce, ga hannaye da yawa, nan da nan kabari ya haƙu.

Da yake an ce Lawwali ne ɗan'uwa, shi ya shiga ya kwantar da ita. Ya sunkuya ya raɗa mata, "Ki daure. Akwai iska a ƙarƙashin itace. Suna watsewa za mu tone ki."

Aka jera itace, aka bi da ganye, aka toshe da laka, aka mayar da ƙasa.

Da aka shafa fatiha, Malam Ummaru ya kama hannun Lawwali. "Ɗana, mu nan ba ma barin mai rashi a hanya. Ku zo ƙofar gidana ku yi zaman makoki, sai an yi sadakar uku."

"Malam, da ka bar mu nan mu ƙara yi mata addu'a..."

"Haba! Ai an gama. Mu tafi."

Jama'a suka sa su a tsakiya, soja a hagu da dama.

Can cikin ramin, duhu da zafi suka rufe Baiwa, numfashi ya fara yi mata wuya. Matar da ta firgita ƙasa guda ta ƙwala ihu iya ƙarfinta. Abin da ya fito waje wani ɗan gurnani ne.

Malam Ummaru ya tsaya cak, ya waiwaya. Lawwali ya buɗe baki, ya dubi bindigogi, ya rufe.

Malam ya ce, "A'uzu billahi. An fara yi mata tambaya. Ku ɗaga ƙafa, jama'a, wannan ba wurin tsayuwarmu ba ne."

Suka ɗaga ƙafa.

Darasi: Kada ka mayar da tausayin mutane da addininsu tarkon cutar su. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta, Allah Ya sa mu cika da kyau da imani.