Maginin da Ya Raina Bokitin Ruwa

Ya 'yan uwa, wani dare an ji wata ƙara a wata unguwa. Ba kukan dabba ba ne, ba kuma motsin ɓarawo ba. Ƙas, sai shiru. Can kuma ƙas, kamar wani ƙato na zaune a duhu yana lanƙwasa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Wani tela ya ji, ya ce ɓera ne. Matarsa ta ce ɓera ba shi da wannan haƙurin. Mutum ɗaya tak ya san ko mene ne, kuma labarinsa zan ba ku.

An yi wani mutum a unguwar, magini, ana ce masa Kunne. Allah ya yi masa wata baiwa mai ban al'ajabi. In ya ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa ya kara kunne, sai ya gaya maka ko an yi wa siminti rowa, ko yashin na rafi ne, da inda tsaga take kwance tun ba ta fito ba. An ce ya taɓa ƙwanƙwasa wata katanga ya ce akwai takalmi a cikinta. Aka fasa, sai ga silifa wari ɗaya.

Wa ya koya masa? Babu. Gumi nawa ya zubar kafin ya samu? Ko ɗigo. Kyauta aka yi masa, amma ya riƙa tafiya kamar shi ya ƙera kunnen nan da hannunsa.

Yana da ƙane, shi ma magini, wanda bai tashi da komai ba sai naci. Ba ya aza bulo biyu bai ja zare ya duba ba, shi ya sa aka laƙaba masa Zare. Abin da ya fi ba yayan dariya kuwa shi ne ban ruwa. Siminti, ya 'yan uwa, abu ne mai ƙishirwa. Dutse zai zama, amma sai ya sha yake ƙarfi, kamar jinjiri. In an zuba rufin kankare, sai an yi ta ba shi ruwa safe da yamma, a bar sandunan da suka tokare shi har mako uku ko huɗu. Aiki ne da ba a yabo. Wa zai tsaya kallon mutum yana hawa tsani da bokiti?

Kunne yakan ce a wurin mai shayi: "Ƙanena ai ba magini ba ne, mai lambu ne. Ku dai jira, rufin nasa zai yi ganye." A yi ta dariya.

To, mahaifiyarsu ta tsufa, ɗakinta yana yoyo. Suka haɗu suka gina mata sabo a gidan Kunne, suka zuba rufin kankare. Zare ya ba shi ruwa kwana biyu. A na uku yayan ya kore shi, ya ce gidansa ne, ya san lokacin da gininsa ke jin ƙishirwa. Ya ba shi? Bai ba shi ba. Rana ta yi ta dukan rufin nan, shi kuwa yana can inda ake zuga shi, har ya cika baki cewa nasa kankaren kwana tara yake nuna, ranar na goma tsohuwa za ta kwana a ciki.

Ranar ta zo, 'yan kallo suka taru. Ya taka benci, ya ƙwanƙwasa rufin, ya saurara.

Ku ji nan da kyau. Kunnen bai yi masa ƙarya ba. Abin da ya ji sautin tulun da ya tsage ne, ya kuma san haka tun bugun farko. Amma da ya waiwaya ya ga idanu a kansa, sai ya yi murmushi ya ce rufin ya nuna, a cire sanduna.

Zare ya ja shi gefe, ya yi ƙasa da murya. "Yaya, don Allah ka bar su ko kwana goma. Zan riƙa zuwa da asuba ina ba shi ruwa, ka ce kai ka yi."

"Kai da ba ka jin komai sai kiran abinci, kai za ka gaya mini?"

Ƙanen ya juya ga tsohuwa, ya roƙe ta ta zo wurinsa ta kwana biyu. Ta ce yayansa ya riga ya ƙwanƙwasa, shi kuwa tun yana goye matsoraci ne. Ta sa aka shigar mata da katifa da akwati da butarta, tana ta sa wa babban albarka.

A daren nan aka ji ƙarar.

Kunne yana kwance idonsa biyu. Ya san ko wace kusurwa ce, ya san tsagar tana bin tsakiyar rufin, daidai saman katifar. Tsakanin ƙofarsa da tata taku goma sha biyu ne. Sai ya fara lissafi. In ya tashe ta, matarsa za ta tambaya. Maƙwabta za su leƙo. Kafin hantsi Zare ya ji, wurin mai shayi ma an ji. Ya ce wa ransa zai mayar da sandunan kafin gari ya waye, ba wanda zai gani, rufin zai kai lokacin. Matarsa ta taɓa shi ta ce ko ya ji wani abu. Ya ce ɓera ne, ta kwanta.

Taku goma sha biyu, ya 'yan uwa. Matar da ta ɗauke shi wata tara!

Ladan bai ƙarasa kiran farko ba rufin ya sauko. Zare ya iso a guje, ya shiga tono da hannu, kankaren yana marmashewa a tafinsa kamar busasshen burodi. Aka fito da ita babu rai. Butarta tana nan a bakin ƙofa, cike da ruwan alwala, ko karkata ba ta yi ba.

Tun daga ranar Kunne bai sake riƙe cokalin gini ba, ba kuma wanda ya sake kiransa. Allah bai karɓe baiwar ba, ya bar masa ita. Kowane bango yana yi masa magana. Ba ya iya kwana a ƙarƙashin rufi, sai tsakar gida, ko ana ruwa. 'Ya'yansa kuwa wa ke ciyar da su? Mai lambun nan da ake yi wa dariya. Har yau yana jan zarensa, kuma ba a taɓa jin gininsa ya yi ƙas ba.

Kai da ke ji da kanka don kanka na ja, ko hannunka na da kyau, me ka yi ka samu? Baiwa amana ce, kuma za a tambaye ka a kanta. Ba ta ɗauke maka hawa tsani ba, ba ta ɗauke maka bokiti ba. Wanda aka ba kaɗan ya riƙe da gumi ya fi wanda aka ba da yawa ya kwanta a kai. Mafi muni kuma, girman kai yakan sa mutum ya ƙaryata baiwar tasa da bakinsa, don kada a ce ya yi kuskure.

Allah ya kiyaye mu da raina ƙaramin aiki. Ya kiyaye mu da jin gaskiya mu juya kwanciya.

Ranar da ake karɓar gaisuwa, telan nan yana zaune a gefen tabarma. Can ya dubi jama'a, ya dubi inda Kunne ya sunkuyar da kai, ya ce: "Ni da katanga biyu ke tsakanina da ɗakin na ji. To shi, bai ji ba ne?"