Shafi Ɗaya, Loma Ɗaya

Ku matso kusa, ku rage surutu. Kai mai dariya can baya, da kai zan fara in na gama, don haka ka kasa kunne.

A tsohuwar unguwarmu an yi wata tsohuwa, Iya Delu, ga faɗa ga son mutane. Mahaifinta mai tsire ne a bakin tashar jirgin ƙasa. Wata rana, cikin takardun da yake naɗe nama, ya tsinci wani tsohon littafin yara na ƙasar waje, ba bango, rubutun kuma ko malaman makaranta sun kasa gane yaren. Amma hotunan, kai jama'a! Kifi sanye da kwat yana tuƙa keke. Buta mai ƙafafun kaza ta biyo wani attajiri a guje. Gida ya cire rufinsa yana gaishe da katantanwa.

Delu tana ƙarama ba ta son cin abinci, sai uban ya yi dabara: shafi ɗaya, loma ɗaya. Bai iya karatu ba, labarin daga kansa yake ƙago shi, wai kifin hanyar gida yake nema. Shafin ƙarshe kuwa, ran nan cikin sauri ya naɗe wa wani fasinja tsire da shi, jirgi ya tafi. Har Allah ya karɓi ran uban, kifin nan bai isa gida ba.

Da shekarunta suka kai tamanin, Iya Delu ta yi wani zazzaɓi mai zafi. Zazzaɓin ya sauka, amma hankalinta ya koma yarinta. Ta rufe baki gam. A kawo tuwo, a kawo kunu, sai ta kau da kai ta ce, "Ina shafin? Baba bai buɗe shafi ba." Ruwa kawai take kurɓa. Likita ya gaya wa 'ya'yanta uku gaskiya: in ta ƙara mako a haka, sai dai haƙuri.

Babban, Barau, direba ne, mutum ne da ba ya zama wuri ɗaya. Shi ya tuna ya taɓa jin cewa lokacin aurenta Iya ta liƙe shafukan nan a cikin murfin akwatinta na ƙarfe, kuma ta daɗe da kyautar da akwatin. Ya bi sawu. Wadda aka ba ta ba 'yarta, 'yar ta tafi da shi gidan miji, daga can ya faɗa hannun wata mai sayar da daddawa. Gari huɗu ya taka cikin kwana uku, ya same shi a rumbu, kaji na ƙwai a ciki. Ya rungumo shi ya kawo, ko wanka bai tsaya yi ba.

Sai dai shafukan sun koɗe, gara ta ci gefe, idon Iya kuma ya yi rauni. Ta duba ta duba, ba ta ga komai ba. Nan na biyun, Mantau, ya tashi. Sana'arsa zane a jikin manyan motoci, 'yan'uwa har tsokanarsa suke wai zakinsa kama da kyanwa yake. Ya share bangon ɗakinta, ya zana hoto goma sha ɗaya manya-manya, tsaf da su. Iya ta kalla ta taɓe baki ta ce, "Ba shi ba ne. Ina rana?" Mantau ya koma kan akwatin ya ƙura ido. Ashe a kowane shafi akwai tabon man tsire, rawaya, inda babban yatsan kakansu yake dafawa. Shi Iya ta ɗauka rana tun tana yarinya! Ya dangwala yatsa a fenti, ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya yana dangwalawa, hawaye na zubo masa. Iya ta gyara zama.

Ta gyara zama, amma bakin na rufe, jira take a fara labarin. Barau ya gwada, ta ce muryar ba haka take ba. Mantau ya gwada, ta ce ƙarya yake yi wa kifi. Saura autarsu, Hajjo, mai ɗinkin hula. Ita kaɗai Iya ta taɓa ba wa labarin, lokacin da ta yi ƙyanda tana shekara shida, kuma ba ta manta ko kalma ba. Ta ɗauko kwano, ta kumbura murya irin ta masu tsire, ta ce, "Malam Kifi ya taka feda, ƙiiii!" Wallahi sai ga baki ya buɗe. Loma ɗaya. Buta ta biyo attajiri, loma biyu. Haka har goma sha ɗaya, bango ya ƙare.

Iya ta riƙe hannun Hajjo ta ce, "To, ya isa gida?"

Ga shi babu wanda ya taɓa jin ƙarshen. Sai Hajjo ta ce, "Ya isa, Iya. Jirgi ya hau, shi ya sa ya daɗe. Ya jingine kekensa a zaure, babansa ya zuba masa tuwo, ya cinye tas, har ya nemi ƙari."

Tsohuwar nan ta yi dariya har da tari, ta ce, "Ja'iri! Ya bar ni ina ta jira." Ta jawo kwanon da kanta ta suɗe.

Damina uku ta ƙara a duniya, da ƙibarta da faɗanta. Ni da kaina na sha zagi a wurinta bayan nan, kuma na ji daɗinsa. Da za ta rasu, hankalinta garau, ta ce akwatin nan kada a ɓamɓare masa ko shafi ɗaya, a ba shi ɗungum ga wanda ya dawo mata da babanta. Ba ta faɗi suna ba.

Yau akwatin na nan a ɗakinta, kowa a cikinsu yana so, kowa kuma yana jin kunyar miƙa hannu. To, kai mai dariya, ga ka ga su: Barau da ya nemo, Mantau da ya gane ranar, da Hajjo da ta kai kifi gida. Wa za ka ɗora wa akwatin nan a ka?